Nimero Ɗaya, Mota Biyu

Aikina a mangazar nan ta Tamanrasset, wato babban siton kaya a nan ƙasar Larabawa, shi ne kula da wata na'ura da ke zaune ita kaɗai a ɗaki mai sanyi, mu kuwa mutane muna shan rana a waje. Sabar ake ce mata. A cikinta rumbun bayanan kamfanin yake: kowane buhun dabino da ya shigo, kowane ƙunshin barguna da ya fita, kowace mota da direbanta da inda ta dosa, duk an jera su tebur-tebur, wannan tebur yana nuni zuwa ga wancan. Kwamfutocin da ke buro, wato ofis, ba su riƙe komai a kansu ba, tambaya kawai suke aika mata ta ba su amsa. In ta yi shiru kowa ya tsaya, sai a shiga kwaɗa mini kira kamar ni na rufe mata baki.

Baba ne ya samo mini aikin. Ba shi ya haife ni ba, aminin mahaifina ne, unguwarmu ɗaya a Damagaram. Da na gama karatun kwamfuta a Yamai na yi ta yawo da takardu ba wanda ya dube ni, shi ya aika ya ce a turo masa ni. A ɗakinsa na sauka, a kwanonsa na ci tuwo har na yi ƙiba, kuma shi ya kama hannuna ya kai ni gaban mai mangazar, wani Balarabe ɗan siriri mai saurin magana, ya ce masa wannan ɗana ne. Baba ya daɗe a wurin yana rubuta takardun fita na motoci, tun zamanin da ake sa kabon a tsakanin takarda da takarda. Da kwamfuta ta zo ya koye ta da yatsa ɗaya, a hankali, bai taɓa kuskuren harafi ba. Takardar zamansa a ƙasar a jikin aikin nan take rataye, in aikin ya tafi ita ma ta tafi. Ga shi yana da autarsa a lekkol, wato makaranta, a gida, kullum yana cewa sai ta gama zai naɗe tabarmarsa ya koma.

Matsalar ta fara ne bayan ciniki ya buɗe. Da can tebur ɗin Baba kaɗai ke fitar da takardar fita. Da motoci suka yi yawa, maigida ya ɗauko wasu samari 'yan gari ya zaunar da su a buro, kowa da kwamfutarsa, su ma suna fitar da takardu. Ba a jima ba aka fara: ana tsakiyar aiki sai komai ya sandare. Yaro ya danna, ƙaramar da'irar nan ta yi ta juyawa a allo, ba gaba ba baya. Direbobi su cika bakin taga suna buga gilashi, 'yan dako su zauna a kan buhuna suna kallon sama. Maigida ya leƙo daga ofishinsa ya yi ihu, "Muhandis!" Haka yake kirana, wato injiniya, kuma a bakinsa kalmar takan zama yabo ko zagi gwargwadon yadda sabar ta tashi a ranar.

Ni kuwa in ruga ɗakin sanyi in hau dube-dube. In duba ko faifan ajiya ya cika, bai cika ba. In duba ko ƙwaƙwalwar ta ƙare, da saura mai yawa. In bi wayoyin rezo, masu haɗa ta da kwamfutocin buro, ɗaya bayan ɗaya ina girgiza su. Ina cikin haka sai in ji an yi shewa daga buro, wai ta saki. In fito ina share hannu, samari suna buga mini kafaɗa suna cewa ba a banza na yi karatu ba. Wallahi ban taɓa komai ba, amma yabon nakan karɓe shi in sa aljihu.

Ba abin da ban ɗora wa laifi ba. Na ce zafi ne, aka wanke na'urar sanyaya ɗaki. Na ce kuran ne, wato wutar lantarki, ke wasa, aka sayo sabon batir. Na ce masu rubuta manhajar ne 'yan Alje, babban birnin ƙasar, ba su san aikinsu ba, na yi ta kiransu, wata mata tana ce mini an rubuta ƙorafina. Na zage su da Hausa bayan na ajiye waya, zagin da ba zan maimaita a nan ba. Har teburan na sake wa tsari, na ƙara musu fihirisa don bincike ya yi sauri, kuma ya yi saurin, amma sandarewar tana nan daram.

Ranar da na kama ta, dabarar ba wata mai zurfi ba ce: na daina gudu. Akwai wata taga da sabar ke nuna duk wanda ke haɗe da ita, da abin da yake yi, da wanda yake jira. Na buɗe ta tun da safe na zauna a gabanta da kofin shayina. Wajen hantsi aka yi ihun Muhandis, ban motsa ba. Na ga kwamfutocin samarin sun yi layi, kowace tana jiran abu guda. Na bi layin zuwa kansa. Wadda ke gaba ba ta aikin komai, ba ta tambaya, ba ta rubutu, ta buɗe aiki ne kawai ta bar shi a buɗe. Na dubi sunan da ke jikinta. Kwamfutar Baba ce.

Ga yadda abin yake. 'Yan dowan, wato kwastan, ba sa son a tsallake nimero, wato lamba, a takardun fita, in ka ba su goma sai sha ɗaya ta biyo, in ba haka ba su ce ina wadda ta ɓata. Saboda haka masu manhajar suka yi wani ɗan tebur mai layi ɗaya tak, ba komai a ciki sai nimeron ƙarshe da aka bayar. Duk wanda zai rubuta wa mota takarda, sai ya kama layin nan ya ƙara ɗaya, sabar ta kulle masa shi, ba mai taɓawa har sai ya danna maɓallin da aka rubuta wa balide, wato ya tabbatar. Samarin nan kafin ka ƙifta ido sun danna sun wuce. Shi ya sa ba a taɓa jin su ba.

Na fito na leƙa buro, kujerar Baba ba kowa. Na leƙa tsakar mangaza, ga shi can. Yana tafe a gefen wata kamiyo, babbar motar kaya, da ke jan jiki zuwa ƙofa, takardar fita a hannunsa, direban ya zuro kai ta taga suna magana. Rakiya yake yi.

Na tsaya ina kallo kamar ban taɓa gani ba, alhali kullum a gabana ake yi. Motar da za ta yi arewa, wajen In Amguel, ko ta yi Silet, Baba yakan miƙa takarda ta taga ya ce Allah ya kiyaye, ya danna balide, shi ke nan. Amma motar kudu, wadda za ta bi ta In Gezam ta gangara Arlit da Agadas, wannan ta gida ce. Baba ba ya sallamar mai tafiya gida daga zaune. Sai ya tashi, ya gyara hula, ya taka da shi har bakin ƙofa, wani lokaci har kan kwalta. A gaida wane, a gaida wance, in ka bi ta tasha ka ce wa mai shayin nan ƙafarsa ta warke kuwa, ga wannan ƙullin magani na wata tsohuwa ne a Tanut. Sannan a ɗaga hannu a yi addu'ar tafiya, a shafa. Sai motar ta ɓace masa da gani yake juyowa, yana tafe yana gaisawa da masu gadi. Ya zauna, ya sa tabarau, ya nemo maɓallin da yatsansa ya danna. A daidai lokacin aka yi shewa a buro, wai Muhandis ya gyara.

Abin da ya kamata in yi a bayyane yake, yaro ma ya sani. In je in zauna kusa da shi in ce, Baba, rakiyar nan taku ita ke tsayar da mangaza gaba ɗaya. To da wane baki? Mutumin da ya ciyar da ni, wanda ko sunansa ban taɓa kamawa ba, in dube shi in ce shi ne ciwon da aka yi wata da watanni ana nema? Kuma buro ba ya riƙe magana. In samarin nan suka ji, sun sami abin dariya har ƙarshen shekara, dama suna kwaikwayon yadda yake danna harafi da yatsa ɗaya. In maigida ya ji kuwa, na san lissafin da zai yi.

Na dai gwada ta gefe. Da azahar muna alwala a bakin famfo na ce, "Baba, da za ku riƙa danna balide ɗin nan kafin ku tashi, da ya fi. Na'urar ta fi son haka."

Ya dube ni ruwa na ɗiga daga gemunsa. "In ce mota ta fita tana tsaye a gabana?"

"Ai fita za ta yi, Baba."

"Kai ka sani? In taya ta fashe a bakin ƙofa fa? In direba ya tuna ya bar takardunsa a gari? Ka san wahalar soke nimeron da aka riga aka tabbatar? Sai maigida ya sa hannu, sai an rubuta wa dowan dalili. Ni tun ina rubutawa da biro, ban taɓa cewa mota ta fita ba sai na ga bayanta." Ya ɗauki butarsa. "Na'urar taka ta yi haƙuri, ɗana. Ai ba gudu za ta yi ba."

Na ce to, Baba. Iyakar abin da na ce ke nan. Ban gaya masa cewa duk sanda ya tashi mutane suna tsayawa cik saboda shi ba. Na tabbata da na faɗa da ya daina a ranar, don Baba ba ya son a ce ya shiga haƙƙin wani. Kunya ta hana ni, kuma na ji daɗin kaina da na ji kunyar, ina ganin ni ɗa ne mai tarbiyya.

Sai na nemi hanyar da ba sai na yi wa kowa magana ba. Akwai wani saiti a sabar: in mutum ya buɗe aiki ya bar shi ba motsi har wani ɗan lokaci, ta yanke shi ta saki kullen. Layi ɗaya ne ake rubutawa. Na ba shi gwargwadon abin da mutum zai sha kofin shayi ɗaya, na ce wannan ya ishi kowa. Na gwada a kwamfutata: na buɗe aiki, na naɗe hannu, lokaci ya cika, ta yanke, kulle ya saki. Na yi wa kaina tafi. A raina na ce in Baba ya dawo daga rakiya ya danna, manhaja za ta nuna masa saƙon kuskure, ya sake shigarwa, ya ɗan yi tsaki, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Ban tashi na je kwamfutarsa na ga abin da za ta nuna ɗin ba. Zato na yi.

Kai, mangaza ta yi daɗi! Ba ihu, ba buga gilashi. In ta ɗan tsaya, kafin a buɗe baki ta saki. Maigida ya aiko mini da kwalin dabino mai kyau, na kai wa Baba rabi, ya sa mini albarka. Na riƙa tafiya a tsakar mangaza ina kaɗa makullin ɗakin sanyi a yatsa.

Abin da na manta shi ne abin da aka fara koya mana a aji, wanda ni da kaina nake yi wa samarin buro burga da shi. Ƙa'idar rumbun bayanai ita ce aiki ko dai ya shiga gaba ɗayansa ko kada ya shiga sam. In aka yanke shi a tsakiya, sai ta mayar da komai yadda ta same shi. Sunan direba ya goge, kayan su koma cikin mangaza a rubuce, nimeron ma ya koma baya ya jira mai zuwa. A wurin sabar ba a taɓa yin motar ba. To amma takardar fa? Manhajar tana buga takarda ne tun lokacin da aka ɗauki nimero, ba ta jiran balide. Takarda ta riga ta fito, Baba ya sa mata hannu, ya buga hatimi, tana aljihun direba a kan hanyar In Gezam. Sabar ba ta da hannun da za ta miƙa ta ƙwato ta. Shi kuma Baba in ya dawo ya danna, manhajar banzar nan ba ta cewa uffan, sai ta share allo fes, daidai yadda take yi in aiki ya shiga.

Wata safiya wayar buro ta yi ƙara. Jandarma ne daga wani baraj, wato shingen bincike, a hanyar kudu, suna so a tabbatar musu da wata takarda, abin da sukan yi jefi-jefi. Ɗaya daga cikin samarin ya amsa, ya shigar da nimeron, ya karanta musu abin da ya gani: barguna da bokitan roba, zuwa Silet. Jandarma suka ce ba haka ba ne. Takardar da ke hannunsu dabino ta ce, zuwa Agadas, da wata mota daban, da wani direba daban. Nimero ɗaya, hatimi ɗaya.

Direban wani Buzu ne mutumin Arlit, mai sanyin hali, wanda in ya yi Hausa sai ka ji kamar yana rarrashin kalmomin. Suka sauke shi daga mota suka rufe, a kan zargin takardar jabu. Aka ja motar zuwa harabar dowan. Yaron ya ajiye waya ya dubi Baba, don sa hannun da aka kwatanta masa na Baba ne. Baba ya tashi ya zo ya leƙa allon, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce, "Na shigar da ita. Wallahi na shigar da ita. Har ƙofa na raka shi."

Ni tun kafin ya rufe baki na gane abin da ya faru. Na shiga ɗakin sanyi na buɗe tarihin da sabar ke ajiyewa na abin da ta yi. Ga su nan a jere, duk inda ta yanke wani tun ranar da na sa saitin, kuma duk kwamfuta ɗaya ce. Ba mota ɗaya ba ce. Duk motar kudu da Baba ya yi wa doguwar rakiya ta tafi da takardar da babu ita a ko'ina. Sauran Allah ne ya rufa musu asiri ba a kira a kansu ba. Ina zaune a ɗakin da ya fi ko'ina sanyi a mangazar, gumi yana bin bayana.

Ban tsaya shawara ba, na wuce ofishin maigida. Na gaya masa komai tun daga farko: ɗan teburin nimero, kullen, rakiyar, saitin da na sa, gwajin da ban ƙarasa ba. Na ce laifina ne ni kaɗai, Baba bai san ma an yi ba. Ya saurare ni yana juya carbi, abin da ban saba gani ba, don shi ba ya barin mutum ya kai aya.

Da na gama ya ce, "Wa ya bar aikin a buɗe?"

Na ce, "Ni na sa abin da ya yanke shi."

"Na ji wannan. Wa ya bar shi a buɗe?"

"Ya yi shekaru yana haka ba abin da ya faru, sai da na sa hannu."

"Wato duk tsayuwar nan da muka sha, da batir ɗin da na saya, tsohon ne yake yawo a tsakar gida." Ya ajiye carbin. "Muhandis, zan je dowan yanzu. Ba zan ce musu na'ura ba ce, ba sa kama na'ura. Za su tambaye ni wa ya sa hannu, kuma me na yi a kai."

Nan raina ya ɓaci, na manta a gaban wa nake. Na ɗaga murya har samarin buro suka yi tsit. Na ce wannan zalunci ne, in mutum za a kora ga ni nan, ni na yi ɓarnar. Na ce in Baba ya fita ta ƙofar nan ni ma na fita, ya nemi wanda zai riƙe masa sabar. Ya dube ni ba fushi, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ya ce, "In na kore ka, wa zai shiga ɗakin can? Takarda kuwa kowane yaro a nan yana bugawa." Ya ɗauki makullin motarsa. "In za ka tafi, ka bar mini kalmar sirri a kan tebur."

Ban tafi ba. Na faɗa da ƙarfi kowa ya ji, kuma washegari ni na fara zuwa aiki. Ina da mata da jariri a lokacin, ina da uwa a gida, duk gaskiya ne, na kuma jera wa kaina su sau ba adadi. Amma Baba ma yana da nasa.

Na kwashe tarihin sabar na fassara shi dalla-dalla da Faransanci, maigida ya kai wa dowan. Suka gane ba jabu ba ce, suka saki Buzun bayan ya kwana biyu a rufe, suka saki mota. Na bi sauran motocin ɗaya-ɗaya na shigar da su da sababbin nimerori, aka aika wa direbobi. Na cire saitin. Maigida da kansa ya kira 'yan Alje ya yi musu irin ihun da yake yi mini, sai ga shi sun gyara manhajar a yini guda: yanzu ba a ɗaukar nimero, ba a buga takarda, sai an danna balide. Mutum yana iya buɗe aiki ya tafi Makka ya dawo, ba wanda zai tsaya. Gyaran ya iso ne bayan an riga an sallami Baba. Na koma wa maigida da wannan, ya ce ya riga ya gaya wa dowan ya ɗauki mataki, ba zai koma ya ce ya fasa ba.

Abin da aka gaya wa Baba kaɗan ne. An ce masa yadda yake barin kwamfuta a buɗe shi ya rikita na'ura har aka kama mutum. Bai yi musu ba. Ya je har gidan da Buzun ke sauka ya ba shi haƙuri. Takardar zamansa ta kusa ƙarewa, ba aikin da za a sabunta ta da shi, kuma a shekarunsa ba zai hau gini da samari ba. Ya sayar da katifa da tukunyar gas a kasuwar Assihar, ya ɗaure sauran.

Ana gobe zai tafi, bayan la'asar, na je ɗakinsa. Na tarar da mutane a kan tabarma a ƙofar gida, 'yan Damagaram da 'yan Maraɗi, har da malamin da ke karantar da yaran unguwar, wanda Baba ke ɗaukar karatu a wurinsa ranar Juma'a. Ana ta yafe-yafe kamar yadda ake yi in mutum zai yi nisa. Baba yana bin su ɗaya bayan ɗaya, in na taɓa yi maka wani abu ka yafe mini, a ce ba komai, mu ma ka yafe mana. Na rakuɓe a gefe ina fatan ya tsallake ni.

Ya zo kaina ya tsaya. Ya kama hannuna da hannu biyu.

"Ɗana, kai ne na fi ɗaukar haƙƙinka. Ka gaya mini a bakin famfo, na ƙi ji. Ashe duk gudun nan da kake yi, da ihun da ake yi maka, ni ne. Ka sani ka yi shiru ka rufa mini asiri. Na ɓata maka na'ura, na sa ka yi faɗa da maigidanka. Ka yafe mini."

Na ce, "Baba, ba haka ba ne. Ku saurare ni." Na gaya masa a gaban kowa. Na ce ban gaya muku gaskiyar magana a bakin famfo ba, rabi na faɗa. Na ce ni na sa wani abu a na'urar da ke goge aikinku in kun tashi, ban sanar da ku ba, ban kuma gwada shi yadda ya kamata ba. Na ce kun shigar da motar, kun danna, ni na share ta. Ina neman kalmomin Hausa da zan faɗi kulle da yankewa da su, ina ji da kunnena yadda maganar ke fita kamar wadda aka ƙirƙira yanzu.

Baba ya yi murmushi. Ya juya ga malam ya ce, "Kun ji shi ko? Haka ya je ya gaya wa Balaraben, wai shi ne. Yaron nan tun yana ƙarami ba ya son ya ga babba ya ji kunya." Mutane suka yi ta gyaɗa kai, wani ya ce Allah ya ba mu 'ya'ya irinsa, aka ce amin.

"Wallahi, Baba, ba kara nake yi muku ba. Wallahi tallahi ni ne."

"Bar rantsuwa, ɗana, ya isa. Allah ya yi maka albarka." Bai saki hannuna ba. "Ni dai ka ce ka yafe. Ba na so in hau mota da nauyinka a kaina."

Na dubi malam ko zai taimake ni. Malam ya ce, "Amsa masa mana. Dattijo yana tsaye."

Kowa yana jirana. Idon Baba ya kawo ruwa, kuma na ga da gaske yake, ba zai zauna ba sai ya ji.

Na ce, "Na yafe, Baba."

Ya ce alhamdu lillahi, ya sauke ajiyar zuciya, ya wuce ga na kusa da ni.